Fodkas ɗin Dandalin Dare: Eugène Scribe, mai rubuta wa mawaƙa kalmomi

Hadiza: Jama'a barkanmu da warhaka. Yau Faransa muka nufa, kuma Yaya Bashir ne ya kawo mana mutumin.

Bashir: Eh, Eugène Scribe. An haife shi a Faris a watan Disamban 1791, babansa siliki yake sayarwa. An so ya zama lauya amma shi hankalinsa na gidan wasan kwaikwayo, wasanninsa na farko ba su yi kasuwa ba ko kaɗan, sai a 1815 ya fara samun karɓuwa.

Hadiza: To ni abin da ya ɗaure min kai, in aka yi maganar opera sunan mai tsara kiɗa nake ji, su Verdi su Meyerbeer. Shi a ina ya shigo?

Bashir: Ai nan abin yake min ciwo ƙanwata. Opera wasa ne da ake rera shi daga farko har ƙarshe, to dole wani ya zauna ya tsara labarin, ya rubuta baitocin da za a rera, ya san inda za a bar mawaƙiya ita kaɗai da inda jama'a za su cika dandamali. Aikin Scribe kenan. Shi ya rubuta wa Meyerbeer Les Huguenots a 1836, ya rubuta wa Halévy La Juive a 1835, har Verdi ma ya yi aiki da rubutunsa a 1855.

Hadiza: Ba mu labarin Beljiyam ɗin nan mana, shi nake jira.

Bashir: Yawwa! La Muette de Portici, 1828, kiɗan Auber ne, Scribe da Germain Delavigne suka rubuta. Labarin masunta ne a birnin Naples na Italiya da suka yi wa mulkin Sifaniya bore. Kuma ki duba, tauraruwar wasan bebiya ce, a wasan da kowa ke waƙa ita ba ta furta komai, 'yar rawa ce ke hawa matsayin, da hannu da ido take nuna zaluncin da aka yi mata, kiɗa na bin motsinta. To ran 25 ga Agustan 1830 aka yi wasan a Brussels, babban birnin Beljiyam a yau, lokacin mutanen Beljiyam suna ƙarƙashin sarkin Holan, da aka zo waƙar kishin ƙasa mutane suka harzuƙa suka fita titi suka haɗe da masu zanga-zanga, daga nan tarzoma ta ci gaba har Beljiyam ta ɓalle ta zama ƙasa.

Hadiza: Ikon Allah. Amma dai da ma a cike suke ko?

Bashir: Sosai, ba wasa kaɗai ya jawo ba, da ma ransu a ɓace yake.

Hadiza: Amma Yaya masu suka sun ce ɗan kasuwa ne kawai, wai ya tara abokan rubutu suna ta fitar da wasanni ɗaruruwa, ba zurfi.

Bashir: Gaskiya ne ya yi aiki da mutane da yawa, kuma ya yi kuɗi ba kaɗan ba. Amma ni ban yarda da rainin ba wallahi. Ki ɗauki Le Verre d'eau na 1840, a fadar Sarauniya Anne ta Ingila, neman kofin ruwa ya zama alamar sirri, an sanar da masu kallo tun da wuri, don haka da sarauniya ta buɗe baki ta nemi ruwan kowa zuciyarsa ta tsinke. Ba kowa ke iya ƙulla labari haka ba. Kuma a 1829 yana kan gaba wajen kafa ƙungiyar marubutan wasan kwaikwayo da masu kiɗa don a riƙa biyansu haƙƙinsu, ƙungiyar na nan har yau.

Hadiza: Wannan kam marubuta sun ci moriyarsa. Yaushe ya rasu?

Bashir: Fabrairun 1861, a cikin keken doki a Faris. L'Africaine da ya rubuta wa Meyerbeer sai 1865 aka fara nuna shi, lokacin shi ma Meyerbeer ɗin ya rasu.