Lacca: Sakamakon Gwajin Barci Ya Fito, Sai Kuma Me?

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da yamma, sannunku da zuwa.

Maganata yau a kan mutumin da ya riga ya yi gwajin barci ce. Ko dai ya kwana a asibiti an liƙa masa wayoyi a kai da ƙirji, ko an ba shi ƙaramar na'ura ya kwana da ita a gida. Yanzu ga takarda a hannunsa cike da lambobi, bai san inda ta dosa ba.

Mu fara da ciwon kansa, wato ɗaukewar numfashi a cikin barci. A wajenmu idan mutum yana minshari sai a ce barci ya yi masa daɗi. Sau da yawa ba daɗi ba ne, wahala ce. Idan barci ya ɗauke mutum, tsokokin maƙogwaro suna saki. A wasu mutane, musamman masu ƙiba da kaurin wuya, hanyar iska sai ta manne kamar tiyon roba mai laushi da aka zuƙe. Ƙirji yana ta ja, iska ba ta shiga. Sai ƙwaƙwalwa ta firgita mutum ya ɗan farka, ya ja numfashi da ƙara, ya koma barci. Shi bai sani ba. Uwargida ce ta sani, don ita ke kwance tana jin shirun nan mai ban tsoro tsakanin minshari da minshari.

To, a takardar, lamba ta farko da za ka nema ita ce wadda aka rubuta AHI. Tana nuna sau nawa a cikin awa ɗaya na barci numfashinka ya tsaya cak, ko ya ragu sosai, na aƙalla daƙiƙa 10. Ga babban mutum, ƙasa da 5 lafiya lau. Daga 5 zuwa 14 ciwon mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Ku yi lissafi da kanku: wanda lambarsa 40, idan ya yi barcin awa 6, numfashinsa ya katse sau 240 a dare ɗaya. Ta yaya wannan bawan Allah ba zai yi gyangyaɗi a ofis ba, ko a sahun Juma'a, ko a kan sitiyari?

Amma don Allah kada ku tsaya a wannan lamba, nan ne nake son ku ba ni hankalinku. Ku duba iskar oksijin ta cikin jini. Mai lafiya yakan kasance tsakanin kashi 95 zuwa 100. Takardar za ta nuna mafi ƙasan da ta sauka, da tsawon lokacin da ka ɗauka a ƙasa da 90. Mutum biyu suna iya samun AHI iri ɗaya, amma ɗaya iskarsa ta tsaya a 91, ɗayan ta gangaro 75. Zukatansu ba wahala ɗaya suke sha ba. Sannan ku duba kwanciya: wani matsalarsa kusan duka a rigingine take, da ya juya gefe sai ta ragu. Akwai kuma nau'in da ba toshewa ba ce, ƙwaƙwalwa ce ke ɗan daina ba da umarnin numfashi; ana ganinsa ga masu ciwon zuciya da masu shan ƙwayoyi dangin kodin, kuma maganinsa daban. Gwajin gida yakan nuna lamba ƙasa da ta gaskiya, domin yana lissafi har da lokacin da kake kwance ido biyu. Idan ya ce lafiya kake amma kana ci gaba da gyangyaɗi, koma wurin likita.

Me ya sa muke damuwa haka? Domin ciwon nan yana tafiya da hawan jini, musamman irin wanda ake shan magani uku bai sauka ba, da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga.

Babban magani ga matsakaici da mai tsanani shi ne na'urar CPAP. Wani likita a Sidni ta ƙasar Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya ƙirƙiro ta, ya wallafa aikinsa a 1981. Ba oksijin take bayarwa ba, iskar ɗakinka ce take turawa ta takunkumi don ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Ƙarfin turawar yakan kama daga 4 zuwa 20 a ma'aunin na'urar, kuma likita ne zai saita maka naka. Shi ya sa idan ɗan uwa ya aiko maka da tsohuwar na'ura daga waje, kai ta a sake saita ta, a canza takunkumi da tiyo.

Gaskiyar magana, makonnin farko da wuya. Takunkumi zai dame ka, iska za ta riƙa zurarewa, hanci ya bushe. Nan ne mutane da yawa suke jefa ta ƙarƙashin gado, kuma abin yana ƙona min rai, domin kusan kowace damuwa a cikinsu tana da gyara. Sa ta da rana kana zaune kana jin rediyo, har jiki ya saba. Takunkumin bai dace ba? Akwai wasu samfura. Lokacin hunturu zuba ruwa mai tsabta a tankin na'urar da ke sa wa iskar danshi, kuma ka riƙa duba matatar ƙura. Mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne awa 4 a dare, amma burin shi ne duk barcinka, har wanda kake komawa bayan Asuba.

Na ga wani ya ɗaga hannu, na san batun wuta ne. Haka ne, Alhaji. Idan aka ɗauke wuta ba za ta shaƙe ka ba, takunkumin yana da kafofin iska, za ka farka ka cire. Amma amfanin daren ya tafi. Na'urar ba ta cin wuta sosai idan an kashe sashen ɗumama ruwa, don haka batir mai kyau ko ƙaramar sola sukan kai ta safiya. Ka sa kuɗinsu cikin lissafi tun kafin ka saya.

Mai sauƙin ciwo yana iya wadatuwa da kwanciyar gefe, ko abin baki da likitan haƙori ke yi don turo muƙamuƙi gaba. Rage ƙiba yana taimakon kowa. Wani bincike a Amurka ya nuna rage kashi 10 na nauyi yana sauke lambar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. A guji ƙwayar barci ba da izinin likita ba, a guji barasa.

Hajiya ta aiko da tambaya a kan cire belu. A'a, Hajiya, askar wanzami ba ta magance wannan. Toshewar ta fi belu faɗi, ga kuma haɗarin zubar jini. Yaro mai minshari kullum, yana barci baki buɗe, a kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Ga yara ma'aunin daban ne, ko lamba 1 a awa ana ɗaukarta da muhimmanci, kuma yawanci kumburin tsokar maƙogwaro ne, wanda ake cirewa a asibiti.