Tsiron da ba ya fure: daga wata lacca ga manoman rani a Gombe

Jama'a, assalamu alaikum. Ga wani ganye a hannuna, kowa ya karɓa ya miƙa wa na kusa da shi. Ku juya bayansa. Kun ga ɗige-ɗigen nan masu ruwan ƙasa, a jere kamar ɗinkin hula? Ɗazu wani dattijo ya ce mini cuta ce ta kama shi. A'a Baba, lafiyarsa lau. Garin da ke ciki da shi yake yaɗuwa, don wannan tsiro da Bature ke kira fern ba ya fure, ba ya iri. Ya fi shekara miliyan 350 a duniya, kuma nau'insa ya haura 10,000. Sai dai haihuwarsa ba ta yiwuwa sai da danshi, shi ya sa a ƙasarmu sai a gindin dutse mai inuwa ko bakin rafi ake cin karo da shi. Inda yake da yawa, saiwarsa kan riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta.

Amma ƙaramin cikinsu ne ya kawo ni, wato azola. Bai wuce farcen yatsa ba, yana yawo bisa ruwa. Kada ku ɗauka kainuwa ce, ita kainuwa tana fure. A cikin ganyensa akwai wani ɗan rami, a nan wata ƙwayar halitta ke zaune. Shi ya ba ta masauki, ita kuma ta zuƙo naitirojin daga iska ta ba shi. Wannan naitirojin shi kuke biya a buhun yuriya, wanda kashi 46 cikin ɗari ne kawai na abin da ke buhun. Kuɗin buhun kuwa kun fi ni sani!

Manoman Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna rainonsa a gonar shinkafa. In yanayi ya yi masa daɗi, cikin mako guda yakan ninka. Ya rufe fuskar ruwa, ciyawa ta rasa rana, daga baya a turmushe shi cikin laka ya ruɓe ya zama taki. Agwagi da kifi ma suna ci.

Kada fa wani ya ce malam ya ce a daina sayen taki. Azola ba ya son zafi mai tsanani, kuma in ruwa ya ƙafe ya mutu. Zafin Afrilu a Dadin Kowa zai wahalar da shi. Ni dai shawarata, a gwada a fangali ɗaya lokacin sanyi, a auna da na kusa da shi.

Na ga hannu a baya. Bismillah, Alhaji.