Jawabin maraba ga babbar baƙuwarmu, 'yar jarida mai binciken ƙwaƙwaf

Assalamu alaikum warahmatullah.

Shugaban taro, iyayenmu malamai, editoci da shugabannin gidajen rediyo da jaridu da suka amsa gayyatarmu, abokan aiki, ƙannenmu ɗalibai masu koyon aikin jarida, barkanmu da war haka.

Ranki ya daɗe, babbar baƙuwarmu, a madadin kwamitin shirya wannan taro da duk wanda ke zaune a zauren nan, ina yi miki lale marhabin. Sannu da hanya, sannu da ɗawainiya. Mun san ba ƙaramin aiki kika ajiye kika taho ba, don mai bincike ba ya rasa wanda yake jiran ya kira shi, ko takardar da yake jiran ta fito. Allah ya saka da alheri.

Da yawa daga cikinmu sun san muryarki kafin su ga fuskarki. Amma ina so ƙannenmu su ji cewa baƙuwar nan ba daga sama ta faɗo ba. Ta fara kamar yadda muka fara: riƙe rikoda, bin taron manema labarai, zaman kotu tun safe, a rubuta abin da aka ce a kai wa edita kafin lokacin labarai ya yi. Inda ta sha bamban da yawancinmu shi ne ta ƙi tsayawa a kan "ya ce, ta ce". Idan jami'i ya tsaya gaban makirufo ya ce an kammala aiki, sai ta nemi takardar kwangilar, ta duba nawa aka ware, nawa aka fitar, wa ya sa hannu, sannan ta tafi wurin da ƙafarta, domin gani ya kori ji. Idan ta dawo kuma ba ta garzaya ta watsa ba, sai ta rubuta wa wanda zargin ya hau kansa, ta jera masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta ba shi wa'adin da zai kare kansa. Wannan wasiƙa ita ce abin da na fi ganin ana tsallakewa a zamanin nan, alhali ita ce ke raba ɗan jarida da mai yaɗa ji-ta-ji-ta.

Turbar da kike kai, ranki ya daɗe, tsohuwa ce. A 1887 wata matashiyar 'yar jarida a Amurka, Nellie Bly, ta yi kamar ta samu taɓin hankali don a kwantar da ita a gidan masu taɓin hankali na birnin New York, ta yi kwana 10 a ciki, ta fito ta rubuta irin uƙubar da matan da ke ciki suke sha. A 1972 Bob Woodward da Carl Bernstein na jaridar Washington Post suka bi diddigin wasu da aka kama sun fasa ofishin jam'iyyar adawa a ginin Watergate, labarin da aka ɗauka ƙaramin laifi ne, sai ga shi a 1974 Shugaban Amurka Nixon ya yi murabus. A 2016 kuma ɗaruruwan 'yan jarida daga ƙasashe da dama suka haɗa hannu kan takardun Panama, takardun sirri miliyan 11.5 na kamfanin lauyoyi na Mossack Fonseca da suka tona yadda manyan mutane ke ɓoye dukiya a ƙasashen waje, suka shafe kusan shekara suna tantancewa ba tare da maganar ta fita ba. Duk waɗannan a rubuce aka san su. Baƙuwarmu tana cikin waɗanda suka ɗauki irin wannan aiki suka mai da shi abin saurare.

Dalilin kuwa a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin labarai. Ka yi wata da watanni kana tono, a ƙarshe a ce maka minti uku gare ka. Fodkas, wato shirin sauti da ake ɗorawa a intanet mutum ya saurara lokacin da ya ga dama, shi ya kawar da wannan ƙunci. Labari zai iya ɗaukar kashi goma, kowane kashi kusan awa guda, mai sauraro ya bi ɗan jarida taki bayan taki, ya ji shaida da bakinsa, ya ji inda ya yi jinkiri, ya ji inda muryarsa ta yi rawa. Kuma yana kaiwa ga wanda bai iya karatu ba, da direban da hannunsa ke kan sitiyari. Tun 2014, da Sarah Koenig ta fitar da shirin Serial kan wani kisa da aka yi a birnin Baltimore na Amurka a 1999, duniya ta gane cewa jama'a na da haƙurin sauraron dogon bincike. A 2020 aka fara ba da kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta aikin jarida a Amurka, ga rahoton sauti.

Ku ba ni dama in ɗan tsaya a kan misali guda, domin yana nuna abin da muke girmamawa yau. A jihar Mississippi ta Amurka akwai wani baƙar fata, Curtis Flowers, da aka zarga da kashe mutum huɗu a wani shagon kayan ɗaki a garin Winona a 1996. Mai gabatar da ƙara guda ɗaya ya gurfanar da shi har sau shida a kan wannan laifi. Madeleine Baran da abokan aikinta na shirin In the Dark suka tattara suka tare a yankin na kusan shekara. Suka bi shaidu gida-gida. Suka shiga ɗakunan ajiyar kotuna suka kwaso tsofaffin takardun shari'o'i na shekaru masu yawa, suka ƙirga su, suka nuna cewa ofishin mai gabatar da ƙarar yana cire baƙaƙen fata daga masu taya alƙali yanke hukunci fiye da farare, ninkin ba ninkin. Babban shaidan gwamnati ma ya faɗa musu ta waya daga kurkuku cewa ƙarya ya yi. Shirin ya fita a 2018. A watan Yunin 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin da aka yanke wa Flowers, a 2020 aka janye tuhumar baki ɗaya, bayan mutumin ya shafe fiye da shekara 20 a tsare. Lauyoyinsa sun yi nasu, ba a musun wannan. Amma ƙirgan takardun nan, aikin da ba wanda zai tafa maka a kansa, ya yi nauyi a ma'auni.

Wanda ya ji shiri ya fito tsaf ba zai san abin da aka sha a bayansa ba. Awanni ne na hira da za a zauna a rubuta kalma bayan kalma. Sai a ɗauki rubutun shirin jimla-jimla, kowace a tambaya: ina hujjarta, wa ya faɗa, wa ya gaskata shi? Sai mai haɗa shiri ta sa abin saurare a kunne, ta yi ta maimaita daƙiƙa goma, tana shawarar ko ta bar shirun da wata uwa ta yi kafin ta ambaci sunan ɗanta, ko ta yanke. Idan majiya ta nemi a sakaya ta, sauya murya kaɗai bai wadatar ba. Dole a saurari abin da ke bayan muryar, kar ƙarar wani inji ko kiran wani yaro ya tona inda take. Ran mutum ne a hannunka.

Kuma daɗin murya ba ya maye gurbin hujja. Jaridar New York Times, duk da girmanta, ta fitar da shirin Caliphate a 2018, ta gina shi a kan wani matashi ɗan Kanada da ya ce ya kashe mutane a madadin ƙungiyar IS a Siriya. Shirin ya burge, ya ci kyaututtuka. A Disambar 2020 jaridar ta fito ta amsa cewa ba ta iya tabbatar da labarinsa ba, ta mayar da kyautar Peabody, ɗaya daga cikin kyaututtukan da shirin ya ci. Ina faɗar wannan ne saboda ƙannenmu, don yanzu duk mai waya zai iya buɗe shiri a daren yau, kuma ina murna da haka. Abin da nake tsoro shi ne a koyi salon magana a bar tantancewa.

Ba zan zauna ba tare da ambaton waɗanda aikin ya ci ba. Dele Giwa na mujallar Newswatch, wanda bom ɗin da aka aiko a cikin ƙunshin wasiƙa ya kashe a gidansa a Legas ranar 19 ga Oktoban 1986. Daphne Caruana Galizia ta Malta, wadda aka dasa wa bom a mota a Oktoban 2017. Ahmed Hussein-Suale na Gana, wanda aka harbe a Akara a Janairun 2019, watanni bayan binciken da ya tona cin hanci a harkar ƙwallon ƙafa. Ranki ya daɗe, kin san waɗannan sunaye fiye da mu, kuma kin ci gaba. Iyalanki ma suna da kaso a wannan girmamawa, domin su ne ke kwana da fargaba. Allah ya ci gaba da tsare ki.

Ga buƙatunmu, tunda mun same ki. Muna so ki nuna wa matasan nan yadda ake neman bayani a hukumance, da abin da ake yi idan an ƙi amsawa. Ki gaya musu yadda ake riƙe amanar majiya a waya da kwamfuta. Ki faɗa musu gaskiya kan kuɗi, domin dogon bincike yana cin kuɗi, kuma wanda ya ɗauki nauyinsa wani lokaci yakan so ya sa baki. 'Yan matanmu musamman suna da tambayoyi da suka daɗe suna ajiyewa, kan yadda mace ke shiga wuraren da ake ce mata ba nata ba ne, ta fito da mutuncinta da labarinta. Editoci da ke nan kuma, ina roƙonku ku saurara da kyau, domin wakili ba ya iya bincike sai an ba shi lokaci, an kuma tsaya masa ranar da waya ta fara ƙara daga sama.

Bayan jawabinta za a ba da damar tambayoyi, sannan da rana za ta zauna da ɗalibai su saurari ɗanyen sauti tare, su gwada haɗawa. Ina roƙon a kashe ƙarar wayoyi.

Jama'a, ku taya ni tarbar babbar baƙuwarmu. Ranki ya daɗe, bismillah, ga makirufo.