Siffanta tauraruwa daban, gina ta daban

Ku dubi yadda wani shafin labari ya siffanta tauraruwarsa. Fara ce sol, doguwa, hanci har baka, idanu dara-dara, gashi har gadon baya. Layi 12 kenan ana yabon jikinta, amma har yanzu ba mu san ko wace ce ba. A nan sababbin marubuta ke yawan tuntuɓe: da sun gama siffanta tauraruwa, sai su ɗauka sun gina ta.

Bari mu yi sauri da shirin farko. Kowane tauraro a ware masa shafi guda: suna, shekaru, gari, sana'a, 'yan gidansu. Mai sakin labari kashi-kashi a WhatsApp ya fi kowa buƙatar wannan, domin a irin nan ne yarinya 'yar shekara 18 a babi na 2 ke zama 'yar 25 a babi na 9, alhali wata uku kacal suka wuce a labarin. Siffar jiki kuwa, biyu ko uku sun isa, a zaɓi waɗanda ba kowa ke da su ba: wushirya, tabon ƙuna a hannu, ɗingishi.

To, ga inda aikin yake. A ƙasan shafin a amsa tambaya biyu: me take so yanzu-yanzu, kuma me take tsoron rasawa? Sannan a shirya fitowa, wato wani yanki na labarin, da za ta haɗa su karo.

Mu ɗauki Hansai. Tana son roƙon mijinta kuɗin jarrabawar ƙaninta, gobe za a rufe biya. Tsoronta kada a ce danginta sun zama kaya a gidan. Tun la'asar ta gama tsara maganarta. Maigida ya shigo bayan isha'i, ya ajiye ledar cefane, ta leƙa: tumatir huɗu, albasa ɗaya, babu nama. Kasuwa ba ta yi ba.

Ku tsaya a nan. Abin da hannunta da bakinta za su yi a wannan daƙiƙar, shi ne Hansai. Idan ta haɗiye maganar ta miƙa masa ruwa, da asuba ta kwance ɗankunnen gwal ɗinta ta aika dillaliya, mun ga mace mai kara da zurfin ciki. Idan ta faɗa duk da haka, muryarta na rawa, mun ga wadda ƙaninta ya fi mata kunyarta. Idan kuma ta fara da gorin atamfar da ya saya wa kishiyarta, wata Hansai ce daban. Duk ukun babu inda aka rubuta "tana da haƙuri" ko "masifaffiya ce". Ni dai na fi son ta farkon, don ɗankunnen nan zai iya dawowa a babi na 15 a kunnen wata, rigima ta tashi.

Ku lura kuma, da aka shiga ɗakin tana da shiri, da aka fito shirin ya rushe. Duk fitowar da aka fita yadda aka shiga, a cire ta, ko a haɗe ta da ta gaba.

Sai gaisuwa. Mu Hausawa muna da ita doguwa, amma ba sai an cika shafi da ina wuni, ina gajiya, ya yara ba. A bar ta kawai inda take ɗauke da saƙo, kamar surukar da aka durƙusa mata har ƙasa ta amsa da "lafiya" ɗaya tak, idonta na kan carbi.

Gwaji na ƙarshe: a rufe sunayen masu magana da yatsa, a karanta hirar da murya. Idan ba a gane bakin Hansai daga na kishiyarta ba, a koma a ba ɗaya gajerun jimloli, ɗayar kuma a sa mata karin magana a baki.