Injin Iska a Legas: Auna Iskar Unguwarka Kafin Ka Fitar da Kuɗi

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai, da 'yan kasuwar Agege da Idi-Araba da Mile 12, sannunku da zuwa.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A naira 225 kowane yunit, kowa ya shiga neman mafita. Janareta ya zama ƙarfen ƙafa. Shi ya sa ake ta tambayata, injiniya, wane injin iska mai samar da wuta zan saya? Ni kuwa sai in ce, Alhaji, wace unguwa kake?

Ga dalili. Wutar da injin nan ke bayarwa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarfin iska. In gudun iska ya ninka biyu, wutar ninki takwas take yi. In ya ninka uku, ninki 27. Haka nan in iskar ta ragu, wutar faɗuwa take warwas. To ku duba kwalin da ake sayar muku a Alaba. An rubuta wat 1,000 da manyan baƙaƙe, amma can ƙasa, da ƙananan rubutu, za ka ga sai iska ta kai mita 11 ko 12 a sakan ɗaya. Wannan iskar hadari ce, irin mai kwashe shanya. Ɗauki injin da faɗin farfelarsa mita 2 ne. A iskar mita 12 zai kusa ba ka wat dubun nan. A iskar mita 4, lissafi ya nuna abin da zai fito bai kai wat 40 ba. Ƙwan fitila uku ko huɗu ke nan, firji ko kallonsa ba zai yi ba. Kuma galibinsu ba sa fara ba da wuta sai iska ta kai kamar mita 3.

Cikin garin Legas kuwa iska ba ta da wannan ƙarfin. Ai ba banza aka kai gonar injinan iska mai megawat 10 Lambar Rimi a jihar Katsina ba. Arewa, wajen Katsina da Sakkwato da tsaunukan Jos, ta fi mu iska. Nan sai bakin teku, wajajen Lekki da Ajah da Badagry, ake samun dama-dama. Saboda haka ka samo ƙaramar na'urar auna iska, ka ɗaura ta daidai tsayin da injin zai zauna, ka bar ta ta ga damina ta ga rani.

In iskar ta wadatar, sai zaɓe. Ka tambayi faɗin farfela kafin wat, don faɗin ne ke kama iska. Wani Bajamushe, Albert Betz, ya tabbatar tun fiye da shekara ɗari da suka wuce cewa babu injin da zai iya kwasar fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iska. Duk wanda ya nuna maka ɗan mitsitsin inji ya ce kilowat 5 ne, ka yi masa sallama. Masu juyawa a tsaye ɗin nan da ke cika intanet suna da kyan gani, amma a ganina mai farfela uku da wutsiya ya fi su aiki.

Sai tsayi. Ƙa'idar masu aikin ita ce farfela ta ɗara duk wani gini ko bishiya da ke cikin mita 150 da aƙalla mita 9. Yanzu ku dubi Obalende, bene a jikin bene. Iskar da ta bugi gini ta rikice, wahalar da inji kawai take. Kada kuma a kafa shi a kan rufi, jijjigarsa za ta tsaga bango ta hana yara barci, balle ma in gidan haya ne.

Na ji Hajiya can baya tana cewa ita a Ajah take. To Hajiya, ke matsalarki gishirin teku ne, yana cin ƙarfe da tsatsa, sai an nemi inji mai jikin da aka yi domin bakin ruwa. A tabbata yana da birki saboda guguwar farkon damina, da wayar kare tsawa da aka binne a ƙasa. Kwantirolar sola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, ba ta yi masa, tasa daban ce, mai karkatar da rarar wuta in batir ya cika, in ba haka ba farfelar za ta yi ta gudu har ta tarwatse. Kuma ko a Ajah ɗin, ki fara da sola, injin iska ya zo daga baya ya riƙa tallafa wa batir da dare da ranakun hadari.

Sauran tambayoyin a miƙo su a rubuce bayan la'asar.