Jawabin Maraba ga Babanmu Bishop daga Haɗaɗɗen Kwamitin Ekklisiyoyin Ƙauyukanmu

Babanmu Bishop, ranka ya daɗe, Mama uwargidansa, fastoci da masu bishara, dattawan ekklisiya, mai unguwa da 'yan rakiyarsa, iyayenmu na Zumuntar Mata, samari da 'yan mata: salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Baba, sannu da zuwa, sannu da hanya. Ba sai mun tsaya faɗin ko kai wane ne ba, duk ƙasar Zazzau ta sani. Wasu manyan inuwar giginya ne, na nesa ka sha, amma taka inuwar na gindi ma yana sha. Ga shi yau ka bar kwalta ka biyo burji har ƙofarmu.

Mun san ba a yi wa baƙo maganar buƙata kafin ya sha ruwa. A gafarce mu, abin ne ya ci mu. Ginin da ka gani a hannun dama da shigowarka, ɗakunan kwanan 'yan matanmu ne. Ya kai linta, ba rufi. Damina biyu ta same shi a buɗe, kuma magini ya ce bangon gabas ba zai jure ta uku ba. Kwano da katako muke roƙo, Baba.

Ko da yake ba bare ba ne kai, bari yaranmu su ji daga ina muka fito, don akwai masu ce musu babu Bahaushe Kirista. Tun kafin Bature ya taka ƙasar nan akwai Isawa, almajiran Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano saboda girman da yake ba Annabi Isa, mabiyansa suka watsu har Ningi. Jikokinsu ne suka nemi Likita Mila, Baturen mishan, a birnin Zariya a 1913, aka kafa musu zama a Gimi, ciwon barci ya zo ya yi musu ɓarna. A 1929 mishan ta bar cikin birni ta koma Wusasa, aka gina majami'ar Bartalamawas da tubalin ƙasa irin ginin kakanninmu, tana nan tsaye har yau. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Daga ɗan garin nan na Wusasa aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Iyayenmu Maguzawa ne masu noma da kiwo, bishara ta iske su a gonakinsu, da harshensu.

Duk da haka, yaronmu mai suna Bitrus Tanko ko Rahila Audu zai je neman takardar shaidar ɗan ƙasa, a dube shi a ce, "Ina ne garinku na asali?" Kakansa na kwance a bayan garin nan! Filin majami'a kuwa, takardun da muka rubuta sun cika jaka. Dattawan da ke zaune a gabanka sun ga watan Maris na 1987, lokacin da rikicin da ya faro a Kafanchan ya iso Zariya aka ƙone majami'u. Sun ga na Afrilun 2011 bayan zaɓe. Ba za mu ɓoye ba, a waɗancan ranaku akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye 'ya'yanmu a ɗakunan matansu, kuma ba mu manta da su ba. Wasunsu suna zaune a rumfar nan.

Wahalar ce ta koya mana abin da wa'azi ya daɗe yana faɗa. Da can ɗan Angilikan ba ya shiga sujadar ECWA, ɗan Baftis yana kallon ɗan Katolika a kaikaice. Mai ashana bai tambayi ɗarika ba. Tun daga nan muka haɗa rumbu guda: da kaka kowane gida ya kawo tiyar masara ko dawa gwargwadon ƙarfinsa, mabuɗi biyu, ɗaya a hannun dattijo, ɗaya a hannun shugabar Zumuntar Mata (ita ce ma ba a iya lallashinta). Da bazara, in hatsi ya yi tsada, gwauraye da marayu ne farkon awo. Gonar wanda ke kwance a asibiti, samari suke yi mata gayya. Bara da aka sace wani ɗan'uwa a hanyar gona, mata suka kwance tukwanen aurensu, wani tsoho ya ja bijiminsa na huɗa zuwa kasuwa, bai ko san ɗarikar wanda aka sacen ba.

Da wannan hannun muka ɗaga ginin. Samari suka buga bulo, mata suka ɗebo yashi a rafi da kwanon sha, 'yan mawaƙa suka yi ƙwadago a gonakin mutane suka sayo siminti. Me ya sa muka nace? Makarantar sakandare tana da nisa, yarinya ta fita tun asuba ta ratsa daji. Akwai waɗanda suka fita ba su dawo ba, sai labari ya zo cewa sun sauya addini an ɗaura musu aure, uba ya yi ta safa da marwa tsakanin wannan ofis da wancan har takalminsa ya ƙare. Saboda tsoron haka iyaye da yawa sun cire 'ya'yansu daga karatu, suna aurar da su da wuri. Ko ta ina aka bi, yarinyar ce ta yi asara. In ɗakunan nan suka rufu, za su kwana kusa da makaranta, a hannun iyaye mata da za su riƙa karɓa-karɓa.

Muna da wasu buƙatun: malamin darasin addinin Kirista a firamare, gyaran famfon burtsatse, da babur ga mai bisharar da ke zagaya ƙauyuka biyar da ƙafa. Waɗannan za su iya jira. Rufin ne ba zai jira ba, Baba, don hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ba kuɗin aiki muke nema ba, kafintoci namu ne, sun ce ba za su karɓi ko sisi ba. In ba a samu duka ba, ko ɗaki biyu aka rufe za mu shimfiɗa tabarmi.

Zumuntar Mata sun kawo maka 'yar tsaraba: zabi huɗu, ƙwaryar ƙwai da tulun zuma. Takardar lissafin kwano da katako da ƙusa tana ƙarƙashin ƙwaryar, sakatare ya sa ta a leda don kada ta jiƙe. Ubangiji ya mai da kai gida lafiya, ya ƙara maka ƙarfi.

Naka cikin Ubangiji,
Shugaba da Sakatare, a madadin Kwamiti