Zaɓen Rabin Wa'adi a Amurka: Me Ya Sa Jam'iyyar Shugaba Ke Shan Kaye?

Masu sauraro, assalamu alaikum.

A siyasar Amurka akwai wata al'ada da babu wanda ya rubuta ta a kundin tsarin mulki, amma ta fi dokoki da yawa aiki. Duk wanda aka zaɓa shugaban ƙasa, bayan shekara biyu sai jam'iyyarsa ta yi asarar kujeru a majalisar wakilai. Ko yana da farin jini ko ba shi da shi, ko ana yaƙi ko ana zaman lafiya. Tun da aka gama yaƙin basasar ƙasar a 1865, sau uku kacal jam'iyyar shugaba mai ci ta fito daga zaɓen rabin wa'adi ƙarfinta ya ƙaru a wannan majalisa: a 1934, da 1998, sai 2002. Sauran duk kaye ne, sai dai wani ya fi wani zafi.

Tushen abin yana cikin lissafin shekaru. Wa'adin shugaban ƙasa shekara 4 ne, na sanata shekara 6, na ɗan majalisar wakilai kuwa shekara 2 tak. Don haka duk bayan shekara biyu, kujeru 435 na majalisar wakilai gaba ɗayansu ake mayar wa masu ƙuri'a, sau ɗaya tare da zaɓen shugaban ƙasa, sau ɗaya kuma shugaban yana tsakiyar mulkinsa, sunansa ba ya kan takardar zaɓe amma a kansa ake faɗan. Lokacin da ake rubuta tsarin mulkin a birnin Philadelphia a 1787, an yi ta ja-in-ja a kan wannan wa'adi. Wasu suka ce a riƙa zaɓe duk shekara, don kada wakili ya manta da waɗanda suka tura shi. James Madison, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya ce a yi shekara uku, domin ƙasar tana da faɗi, tafiya a kan doki ake yi, kuma sabon wakili yana bukatar lokaci kafin ya gane kan aiki. Aka raba gardama a kan shekara biyu. A lokacin ko jam'iyyu babu, don haka ban jin sun hango cewa sun bai wa 'yan hamayya ranar ramuwa ne. Ranar ma an tsayar da ita daga baya: Talatar da ta biyo bayan Litinin ta farko a watan Nuwamba, lokacin da manomi ya gama girbi, kuma sanyin hunturu bai kai ga rufe hanyoyi ba.

Wanda ya ɗauka wannan zaɓe ƙaramin abu ne, ya dubi na 1874. Shugaba Ulysses Grant ne ke kan mulki, jam'iyyarsa ta Rifablikan ita ce ta ci yaƙin basasa ta 'yanta bayi, kuma sojojin tarayya suna jihohin kudu suna tsare 'yancin baƙar fata na kaɗa ƙuri'a. Sai tattalin arziki ya rushe a 1873, bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa suka durƙushe. Mutanen arewa suka fusata da talauci, a kudu kuma ƙungiyoyin fararen fata ɗauke da bindigogi suka riƙa korar baƙar fata daga rumfunan zaɓe. A garin Eufaula na jihar Alabama har kisa aka yi ranar zaɓen. 'Yan Dimokurat, waɗanda a wancan zamani su ne jam'iyyar fararen kudu, suka karɓe majalisar wakilai. Shekara uku bayan haka aka janye kariyar soja daga kudu, baƙar fata suka faɗa ƙangin wariya da ba su fara fita daga cikinsa ba sai bayan kusan shekara 90. Ba zaɓen shi kaɗai ya jawo haka ba, amma shi ya karya ƙashin bayan shirin.

Bayan shekara 20 kuma reshe ya juye da mujiya. A 1894, wata karayar tattalin arzikin ta sa jam'iyyar Dimokurat ta Shugaba Grover Cleveland ta rasa kujeru fiye da 100 a zama ɗaya, asarar da har yau ba a sake ganin irinta ba.

Na fi son labarin 1946, domin shi ke nuna irin abin da ke kayar da gwamnati a wannan zaɓe. Amurka ta fito daga yaƙin duniya na biyu da nasara, babu ƙasar da ta kai ta ƙarfi. Amma a cikin gida, nama ya yi ɓatan dabo. Lokacin yaƙi gwamnati ce ke ƙayyade farashin kayan masarufi. Da dokar ta ƙare a tsakiyar shekarar, farashin nama ya yi tashin gwauron zabi. Da aka maido da ita, masu kiwon shanu suka ce ba za su sayar da asara ba, suka riƙe dabbobinsu a gonaki. Shagunan mahauta suka zama wayam, matan gida su yi layi tun da sassafe su koma hannu rabbana. Shugaba Harry Truman ya janye ƙayyade farashin ana saura mako uku zaɓe, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. 'Yan Rifablikan ba su wahalar da kansu da dogon bayani ba, tambaya ɗaya suka liƙa a allunan kamfen: har yanzu bai ishe ku ba? Suka ƙwace kujeru fiye da 50, suka karɓe majalisar da ta kasance a hannun Dimokurat tun 1931. Abin ya kai wani sanatan jam'iyyar Truman ɗin kansa, William Fulbright, ya ba shi shawarar ya naɗa ɗan Rifablikan sakataren harkokin waje, sannan ya yi murabus ya bar masa kujerar, tunda a lokacin ba shi da mataimaki. A cikin sababbin wakilan da suka shigo a wannan shekara akwai wasu samari biyu, John Kennedy da Richard Nixon, waɗanda daga baya duk suka zama shugabannin ƙasa. Kuma wannan majalisa ce ta zartar da gyaran tsarin mulkin da ya hana shugaban Amurka yin fiye da wa'adi biyu, bayan Franklin Roosevelt ya ci zaɓe har sau huɗu. Wato dokar hana tazarce a Amurka, a zaɓen rabin wa'adi aka haife ta.

To, me ya faru da Truman? Bai yi murabus ba. Ya mayar da majalisar abokiyar faɗansa, ya shiga jirgin ƙasa ya zagaya ƙasar yana kiranta majalisar da ba ta tsinana komai ba, ya kuma ci zaɓen 1948 da kowa ya ce ya faɗi.

A nan ne nake ganin masu fashin baƙin siyasa ke yawan yin tuntuɓe. Da zarar sakamako ya fito sai a shiga yi wa shugaba jana'iza. Ronald Reagan ya rasa kujeru 26 a 1982, bayan shekara biyu ya lashe jihohi 49 cikin 50. Bill Clinton ya rasa 54 a 1994, ya sake cin zaɓe a 1996. Barack Obama ya rasa 63 a 2010, shi ma ya koma. George Bush uba kuwa, wanda asararsa a 1990 ba ta taka kara ta karya ba, shi ne aka kayar a 1992. Zaɓen rabin wa'adi ba duba ba ne. Abin da yake canjawa shi ne yadda za a yi mulki a shekara biyun da suka rage.

Na 1994 ɗin nan ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Shekara 40 cif 'yan Dimokurat suna riƙe da majalisar wakilai, har mutane suka ɗauka gadonsu ce. Newt Gingrich na jihar Georgia ya tara 'yan takarar Rifablikan fiye da 300 a matakalar ginin majalisa, suka sa hannu a takardar alkawura guda ɗaya. Da wannan ya mayar da zaɓen mazaɓu 435, kowace da matsalarta, ya zama ƙuri'ar raba gardama a kan Clinton. Guguwar ta yi awon gaba har da kakakin majalisar, Tom Foley, wanda ya faɗi a mazaɓarsa, abin da rabon a gani tun 1862. Amma girman kai ya biyo bayan nasara. Rikicin kasafin kuɗi ya rufe ma'aikatun gwamnati na kwana 21, jama'a suka ɗora wa majalisa laifi. Da 'yan Rifablikan suka matsa sai sun tsige Clinton a kan badaƙalar Monica Lewinsky, masu zaɓe suka ba jam'iyyarsa ƙarin kujeru 5 a 1998, Gingrich, wanda ya zama kakakin majalisa bayan nasarar 1994, ya sanar da saukarsa cikin 'yan kwanaki. Sauran lokuta biyun da al'adar ta karye ma ba a banza ba ne: a 1934 mutane suna ganin Roosevelt yana fitar da su daga matsin tattalin arziki, a 2002 kuma raɗaɗin harin 11 ga Satumba bai huce ba.

Shekara huɗu bayan wannan, yaƙin Iraƙi ya ci wa George Bush ɗa kujeru kimanin 30. Washegarin zaɓen aka sanar da saukar sakataren tsaronsa, Donald Rumsfeld. Nancy Pelosi ta zama mace ta farko da ta riƙe kakakin majalisa. Zaɓen 2006 ɗin ne kuma ya kawo Musulmi na farko majalisar dokokin ƙasar, Keith Ellison daga jihar Minnesota. Da aka yi ta cece-kuce a kan cewa da Alƙur'ani zai yi bikin rantsuwarsa, sai ya aro fassarar Alƙur'anin da Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya mallaka, ya ɗora hannu a kanta. Kujerar tasa ce Ilhan Omar, haifaffiyar Mogadishu da ta yi zaman sansanin gudun hijira a Kenya, ta gada a zaɓen 2018, har aka gyara wata tsohuwar ƙa'idar hana rufe kai a zauren majalisa domin ta shiga da ɗankwalinta.

Amma me ya sa abin ke maimaituwa haka? Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. A shekarar zaɓen shugaban ƙasa, farin jinin wanda ya ci yakan jawo 'yan takarar jam'iyyarsa da dama su haye a mazaɓun da ba nasu ba ne. Bayan shekara biyu kazar ba ta wurin, kowa tasa ta fisshe shi. Sannan fitowar jama'a tana raguwa. A zaɓen shugaban ƙasa wajen kashi 60 cikin 100 ke fita, a na rabin wa'adi kuwa an saba ganin kashi 40 ko ƙasa da haka. A 2014 kimanin kashi 36 ne. Wanda ɗan takararsa ke kan mulki hankalinsa a kwance yake, ko kuma gwiwarsa ta yi sanyi don ba a cika masa alkawari ba. Wanda aka kayar shi ke kwana da abin a ransa, shi ke sammakon zuwa rumfa. A 2018 fushi da Donald Trump ya sa rabin masu zaɓe suka fito, adadin da rabon a gani tun 1914, Dimokurat suka ƙaru da kujeru kimanin 40.

Kuma rinjaye a wannan majalisa ba ado ba ne. Daga nan dokokin haraji ke farawa, ba a kashe kuɗin gwamnati sai da amincewarta, kwamitocinta ke da ikon kiran minista su titsiye shi, kuma ita ke fara shirin tsige shugaba, kamar yadda aka yi wa Trump a Disambar 2019. Kuɗin tallafin lafiya da ke zuwa ƙasashenmu, da tsarin kasuwanci na AGOA, na sauƙaƙa wa kayan Afirka shiga kasuwar Amurka, duk sai sun bi ta ƙarƙashin hannun waɗannan wakilai.

Najeriya ta aro tsarin shugaban ƙasa daga Amurka a 1979, amma wannan ɓangare ba ta ɗauko shi ba. Wakilanmu 360 da sanatoci 109 duk shekara 4 suke yi, kuma tun 2015 rana ɗaya ake zaɓensu da shugaban ƙasa. Idan lissafin majalisa ya canja a tsakiyar wa'adi, ba talaka ne ya canja shi ba, sauya sheƙa ce, irin wadda wakilai 37 suka yi daga PDP zuwa APC a Disambar 2013. Ba ina cewa a kwafo na Amurka ba ne. Zaɓe duk shekara biyu kuɗi ne mai yawa, kuma ɗan majalisar can tun bai gama jera kaya a ofis ba yake fara buga waya yana neman kuɗin kamfen na gaba. Amma dai shi mai zaɓen can yana da ranar da zai ce wa gwamnati a'a tun tana da sauran lokacin ji.

Sai dai 'yan siyasar can ma sun gano yadda za su rage wa wannan rana kaifi. A yawancin jihohi, majalisar jiha ce ke shata iyakokin mazaɓu bayan ƙidayar da ake yi duk shekara 10. Guguwar 2010 ta zo daidai da shekarar ƙidaya, ta ba 'yan Rifablikan majalisun jihohi da dama, suka zana taswira yadda ta yi musu daɗi. A 2012 'yan takarar Dimokurat sun fi su ƙuri'a da fiye da miliyan ɗaya a faɗin ƙasa, amma Rifablikan suka tashi da kujeru 234, Dimokurat 201. Su ma Dimokurat abin da suke yi kenan a Illinois da Maryland. A 2019 kotun ƙoli ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin shiga wannan rigima. Mazaɓun da ake fafatawa ta gaskiya suka ragu, ga shi kuma mutane sun daina raba ƙafa tsakanin jam'iyyu. A 2022, duk da tsadar rayuwar da rabon a ga irinta shekara 40, kujeru 9 kawai jam'iyyar Joe Biden ta rasa, aka tashi 222 da 213. A 2025 ma ba a jira ƙidaya ba: jihar Texas ta sake zana taswirarta da nufin ƙara wa Rifablikan kujeru 5, Kalifoniya ta mayar da martani da tata taswirar don ƙara wa Dimokurat 5.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.